Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Akwai wani irin kaya wanda in mutum ya sayar da shi yau, gobe zai wayi gari ya tarar da shi a rumbunsa bai ragu da ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan kaya shi ne manhaja, watau rubutaccen umurnin nan da ake ɗura wa kwamfuta ko wayar hannu don ta san aikin da za ta yi. Wahalar duk tana wajen rubuta ta karon farko. Da zarar an gama wannan, kwafe ta sau miliyan bai fi kuɗin wutar lantarki ba. Wannan hali na manhaja shi ya hana 'yan kasuwarta barci fiye da shekara hamsin, domin kuwa kowane ɗan kasuwa ya san abin da ba ya ƙarewa ba ya tsada, sai fa in an san dabarar tsare ƙofarsa. Dabarun tsaron ƙofar nan sun sake kama ba sau ɗaya ba, kuma wadda ake ciki yanzu ta shafi aljihun kowane banki da makaranta da ƙaramin kamfani a ƙasar nan, ko sun sani ko ba su sani ba.

Da can fari ba a sayar da manhaja, gyara ce. Wanda ya sayi kwamfuta ko ya ɗauki hayarta daga kamfanin IBM, a zamanin da kwamfuta guda takan cika ɗaki, sai a haɗa masa da manhajar da zai yi aiki da ita, kamar yadda mai hatsi kan ƙara wa mai saye cikin tafi bayan an gama awo. A cikin watan Yuni na 1969 ne, wata biyar bayan gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara bisa zargin danne kasuwa, IBM ya ba da sanarwa cewa nan gaba ƙarfe da kuɗinsa, yawancin manhajojin aiki ma da nasu. Wannan mataki ya buɗe wa sana'ar sayar da manhaja ƙofa sosai. A farkon 1976 kuma wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Bill Gates ya rubuta wa masu sha'awar ƙananan kwamfutoci buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka da su, ya ce galibinsu satar manhajarsa suke yi, har ya lissafa cewa ladan wahalar da shi da abokan aikinsa suka sha bai kai Dala 2 a awa ɗaya ba. Wasiƙar ta jawo masa baƙin jini a wurin waɗanda ya rubuta wa, amma ra'ayinsa ne ya ci kasuwa. Shekara talatin da suka biyo baya ciniki ya zama na kwali: mutum ya biya sau ɗaya, a ba shi faifai da lambar lasin, ya tafi gida da abinsa, in ya ga dama ya yi shekara goma yana mora.

Kowa ya san yadda wannan ciniki ya kasance a nan gida. Faifan da ake sayarwa ɗaruruwan Dala a Amurka, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da takwarorinta na sauran manyan garuruwa ana samun kwafinsa a kan kuɗin da bai fi na kwanon abinci ba. Ba a faɗi haka don a yabi sata ba. An faɗa ne don a tuna cewa masu buga takardu da masu zanen katin biki da yawa da irin wannan faifai suka koyi sana'a, kamfanonin kuwa sun san da haka, sun kuma daɗe suna neman yadda za su toshe kafar.

Ana cikin wannan hali sai wasu mutane suka taso da wata aƙida dabam. Kafin a gane ta, tilas mai karatu ya san manhaja fuska biyu gare ta. Akwai rubutun asali, wanda ɗan Adam ya rubuta, wani ɗan Adam mai ilmin abin kuma zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma abin da ake juya rubutun ya zama, wanda kwamfuta kaɗai ke fahimta. Kamfanonin kwali na biyun suke sayarwa, su kulle na farkon a akwati. Misalinsa kamar a sayar wa mutum mota a like murfin injinta da walda, a ce masa in ta lalace ba makanikin da zai duba ta sai wanda ya ƙera ta. Wani masanin kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka, Richard Stallman, ya ɗauki wannan a kan zalunci. A 1983 ya ba da sanarwar wani aiki da ya kira GNU don rubuta manhajar da kowa ke da ikon karantawa da gyarawa da rarrabawa, a 1989 kuma ya fito da lasin mai suna GPL. Sharaɗin lasin ɗin guda ne mai nauyi: kowa ya ɗauka kyauta, amma wanda ya gyara ya raba wa wasu, lalle ne ya haɗa musu da rubutun asali na gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, ya saka a intanet don duk mai so ya sa hannu. A 1998 ne wasu daga cikin masu wannan harka suka zaɓi sunan buɗaɗɗiyar manhaja, don kada kalmar 'yanci da Stallman ke nanatawa ta tsorata 'yan kasuwa.

Manyan kamfanoni sun fara da raini, sa'an nan tsoro. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da cutar daji. Shekara 17 bayan haka kamfanin nan nasa ya fid da Dala miliyan dubu 7.5 ya sayi GitHub, watau babbar matattarar da masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja na duniya ke ajiye aikinsu. Tun daga watan Nuwamba na 2017 babu ɗaya daga cikin kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ba da Linux take aiki ba, kuma duk wayar Android da ke hannun ɗan acaɓa ko mai shayi, Linux ne a ƙarƙashinta. Ta fuskar yaɗuwa dai, ba sauran gardama.

To, amma a ina mai kyauta zai ci abinci? Amsar farko da ta ci nasara ita ce ta kamfanin Red Hat. Shi ba manhaja yake sayarwa ba, kwanciyar hankali yake sayarwa. Banki ko kamfanin waya zai biya shi kuɗin shekara, shi kuwa ya ɗauki alkawarin gwada manhajar, ya toshe duk ɓarakar da aka gano, ya kuma amsa kira ko da tsakar dare ne in abu ya tsaya. A shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Fabrairu na 2012 ya zama kamfanin buɗaɗɗiyar manhaja na farko da cinikinsa ya haura Dala miliyan dubu ɗaya, a 2019 kuma IBM ya saye shi Dala miliyan dubu 34. Sai dai abin lura shi ne an daɗe ana jiran Red Hat na biyu, bai zo ba. Dalili kuwa a fili yake. Mai sayar da gyara, in kayansa suka yi kyau ƙwarai, masu neman gyara raguwa suke yi.

Dabara ta uku ba daga masu kwali ta fito ba, ba kuma daga masu kyauta ba. A 1999 wani tsohon ma'aikacin Oracle, Marc Benioff, ya kafa Salesforce, ya ce ba zai ba kowa faifai ba. Manhajar tana kan kwamfutocinsa, mai bukata ya shiga ta intanet ya yi aikinsa, ya biya kuɗin wata bisa yawan ma'aikatan da ke amfani da ita. A 2006 kuma Amazon, wanda duniya ta sani da sayar da littattafai, ya fara ba da hayar wurin ajiyar bayanai da ƙarfin kwamfuta, ana biya da awa kamar yadda ake biyan wuta da mita. Turawa sun laƙaba wa wannan tsari suna gajimare, alhali kuwa babu abin da ke sama. Gine-gine ne manya a ƙasa, cike da kwamfutoci da na'urorin sanyaya ɗaki, masu cin wutar da za ta ishi gari. A 2024 wannan reshe na Amazon, AWS, ya yi cinikin da ya wuce Dala miliyan dubu 107. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na cinikin kamfanin duka ba, amma shi ya kawo fiye da rabin ribarsa.

Ba abin mamaki ba ne da masu kwali suka bi sahu. A watan Mayu na 2013 Adobe, mai manhajar Photoshop, ya ce ya daina fitar da sabon kwali, daga nan sai haya. Masu zane suka yi ta ƙorafi da rattaba hannu a kan takardun koke, kamfanin bai waiwaya ba. Cinikinsa da ke kimanin Dala miliyan dubu 4 a 2013 ya wuce miliyan dubu 21 a 2024. Haya ta warware wa kamfanoni matsala biyu a lokaci guda. Ba sauran roƙon mai tsohon faifai ya sayi sabo, tun da kowane wata kuɗi na shigowa. Ba kuma sauran kwafi a kasuwa mai ma'ana, tun da rabin aikin a kan kwamfutar kamfanin ake yin sa, wanda bai biya ba ƙofa ta rufe. Gaskiya ne mai haya shi ma ya amfana. Samarin da suka kafa kamfanonin biyan kuɗi ta intanet a Yaba ta Legas ba su bukaci tara miliyoyi su sayi kwamfutoci da janareto kafin su fara ba, katin banki ya ishe su. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga mai ƙaramin jari.

A nan ne hanyoyin biyu suka yi karo. Lasin ɗin nan na GPL an rubuta shi ne a zamanin faifai, sharaɗinsa ya hau kan wanda ya raba manhaja ga wasu. Mai ba da haya kuwa ba ya raba komai. Yana ɗora manhajar a kan kwamfutarsa, ya sayar da aikinta kurum, don haka sharaɗin bai kama shi ba. An fito da wani lasin, AGPL, a 2007 don toshe wannan kafa, amma kamfanoni da yawa suka guje shi, suka zaɓi lasin mai sauƙi irin na Apache da BSD waɗanda kusan ba su hana komai, domin su ne ke sa manhaja ta yaɗu da sauri, yaɗuwa kuwa ita masu zuba jari ke so su gani. Ke nan sun haƙa rijiya a bakin hanya suka ce kowa ya sha, da fatan in gari ya saba da ruwan za su kafa famfo su riƙa karɓar kuɗi. Ba su ankara ba sai ga ɗan garuwa mai tankoki dubu ya iso.

Labarin kamfanin Elastic ya isa misali. Manhajarsa Elasticsearch ta binciken bayanai ce, ta kuma karɓu ƙwarai. A 2015 Amazon ya fara ba da hayarta a kan kwamfutocinsa, da sunanta, ba tare da yarjejeniya da masu ita ba, domin lasin bai tilasta masa ba. Kamfanin da riga bayanansa ke wurin Amazon, latsa maɓalli guda ya fi masa sauƙi da ƙulla sabon ciniki da Elastic. Bayan shekaru ana ja-in-ja, har da ƙara a kotu a kan suna, sai a watan Janairu na 2021 Elastic ya sauya lasin ya hana irin wannan haya. Amazon bai roƙi kowa ba. Ya ɗauki rubutun asali na ƙarshe da aka saki a ƙarƙashin tsohon lasin, wanda ba mai ikon janye shi, ya raɗa masa suna OpenSearch, ya ci gaba da gininsa. Kafin wannan, MongoDB ya riga ya yi irin wannan sauyi a watan Oktoba na 2018, bayan wata uku Amazon ya fito da tasa manhajar mai amsa umurni irin na MongoDB. A watan Agusta na 2023 HashiCorp ya rufe Terraform, cikin makonni aka ɓalle aka kafa OpenTofu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. HashiCorp ɗin ma daga baya IBM ya saye shi Dala miliyan dubu 6.4.

Na Redis ya fi duka saurin juyawa. Wani mutumin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, Salvatore Sanfilippo, shi ya fara rubuta ta a 2009, ta zama ɗaya daga cikin manhajojin da manyan shafukan intanet ke dogara da su don saurin amsa. A watan Maris na 2024 kamfanin da ke riƙe da sunanta ya sauya lasin. Ba a fi mako guda da 'yan kwanaki ba sai ga Valkey, reshen da ya ɓalle, Amazon da Google da Oracle suna mara masa baya, wasu daga cikin ƙwararrun da suka daɗe suna gyara Redis kuma suka koma can da ƙafarsu. A watan Mayu na 2025 Redis ya dawo ya buɗe manhajarsa a ƙarƙashin AGPL, kamar yadda Elastic ya yi tun a watan Agusta na 2024. Amma waɗanda suka tafi ba duka suka dawo ba, rassan da suka ɓalle kuwa suna nan da ransu.

Wa ke da gaskiya? Kukan ƙananan kamfanonin ba na banza ba ne. Su ke biyan albashin masu rubutu, wani kuma ke kwashe kaso mai tsoka na kuɗin haya. In aka ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba a yi ƙarya ba. Amma kuma kura ita ta rubuta sharaɗin wasan da hannunta. Da sunan buɗaɗɗiyar manhaja suka yi talla, da shi suka sami dubban mutane suka gwada musu kaya, suka kawo gyara, suka rubuta bayani, ba a biya su ko anini ba. Da kasuwa ta kafu sai aka ce musu sharaɗi ya sake. Wanda ya gina kamfaninsa a kan alkawarin farko yana da haƙƙin jin an ci amanarsa. Abin da rigingimun nan suka nuna dai shi ne manhajar da kamfani guda ke riƙe da wuyanta, buɗewarta tana hannun masu hannun jarinsa. Wadda ke hannun jama'a da yawa, irin Linux da PostgreSQL, ba wanda ya isa ya wayi gari ya rufe ta.

Kuma in ana maganar shan bugu, kamfanonin nan masu lauyoyi da jari ba su ne ainihin kuraye ba. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke kulle saƙonnin bankuna da shafuka masu ɗimbin yawa a duniya. Da aka bincika sai aka tarar gudummawar da masu kula da ita ke samu a shekara kimanin Dala 2,000 ce. A watan Disamba na 2021 irin haka ta faru da Log4j, gwamnatoci da manyan kamfanoni suka kwana ba barci, masu gyaran kuwa 'yan sa-kai ne da ke yin aikin bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu. Na 2024 ya fi ban tsoro. Wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗawainiya da ita har ya gaji. Sai wani da ba a san ko wane ne ba ya shigo da sunan taimako, ya yi wajen shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a ido, har aka amince masa, sa'an nan ya dasa wata ɓoyayyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniya ne a Microsoft ya lura cewa shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, asiri ya tonu kafin abin ya bazu. Rabin daƙiƙa ke nan tsakanin duniya da masifa.

To, ina ruwan mutumin Nijeriya da rigimar Turawa a kan lasin? Ruwansa a wurin biya yake. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, a farkon 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Kamfanin da hayarsa ta wata Dala 1,000 ce, wanda ya saba biyan Naira 460,000, sai ya ga takardar biya ta koma Naira miliyan ɗaya da rabi, bai ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba, bai ƙara abokin ciniki ko ɗaya ba. Mai tsohon faifai in hali ya ƙi yakan haƙura da sabo ya ci gaba da lallaɓa tsohon. Mai haya ba shi da wannan mafita, domin ranar da kuɗi ya yanke ranar aiki ke tsayawa, littattafan lissafinsa da sunayen abokan cinikinsa kuma suna bayan ƙofar da aka rufe. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ran 14 ga watan Maris na 2024 aka ga wata fuskar. Wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka tsinke a gaɓar Kwaddebuwa. Intanet ya raunana daga Laberiya zuwa Gana da Binin da Nijar da Nijeriya, abokan cinikin wasu bankunan ƙasar nan suka kasa aika kuɗi ta waya, gyaran wayoyin kuma ya ɗauki makonni. Mutum yana Kano, wanda zai biya yana Kano, amma cinikinsu ya tsaya saboda abin da ya faru a ƙasan teku. Manyan cibiyoyin gajimare na Microsoft da Amazon da Google a wannan nahiya a Afirka ta Kudu aka fara kafa su, a 2019 da 2020 da 2024 bi da bi, yawancin kamfanonin nan kuwa a Turai suke ajiye kayansu.

Akwai kuma siyasa, wadda ba a cika son ambata ba. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da duk masu hayarsa a ƙasar Banizuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, sai daga baya ya sami izini na musamman ya fasa. A shekarar nan kuma GitHub ya taƙaita wa mutanen Iran da Siriya amfani da shafinsa. Mutanen Sudan sun san wannan ɗanɗano tun kafin nan, a tsawon shekarun takunkumi daga 1997 zuwa 2017. Ba a ce gobe za a yi wa Nijeriya haka ba, amma hukumar da ke ɗora bayanan haraji ko na albashi a kan kwamfutar wani, ya kamata ta san dokar wace ƙasa ce ke bisa wuyan mai kwamfutar.

Kada kuma a ɗauka maganin shi ne kowa ya kwashe kayansa ya dawo gida. Wani kamfani na Amurka, 37signals, ya bayyana cewa ya kashe Dala miliyan 3.2 a kan haya a 2022, sai ya sayi kwamfutocin kansa a kan abin da bai kai Dala miliyan ɗaya ba, ya ce a 2024 ya rage kusan miliyan 2 a shekara. Lissafi mai kyau ne, amma lissafin wanda wutarsa ba ta ɗaukewa ne, wanda kuma ƙwararrunsa ba sa neman bizar Kanada. Wanda zai yi irin wannan a Kaduna sai ya sa kuɗin man dizal da batura da albashin injiniyan da ba zai gudu ba. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ma ba banza ba ce. Kuɗin da ba a biya a lasin ba ana biyansa a horas da mutane. Hukumar birnin Munich ta Jamus ta yi fiye da shekara goma tana mai da kwamfutocinta kan Linux, a 2017 majalisarta ta ƙuduri komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar kuwa a 2024 ta yanke shawarar mai da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice da Linux. Ƙasa ɗaya, shawara biyu.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin kuɗin da ake biyan injiniya a Zariya da wanda ake aikawa waje kowane wata, kuma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan hanya. Alƙaluman asibitocin gwamnati na kowane wata, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, a kan DHIS2 ake tara su, buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 kuma suna aiki da ita. 'Yan ƙasa ne suka koyi sarrafa ta suna gyara ta daidai da bukatar jihohi, ba wanda zai aiko da takarda ya ce daga wata mai zuwa kuɗin kowane asibiti ya ninka. Wuraren ajiyar kwamfutoci na haya ma sun ƙaru a Legas, irin su Rack Centre da na MainOne wanda kamfanin Equinix na Amurka ya saya Dala miliyan 320 a 2022, ga kuma Galaxy Backbone mallakar Gwamnatin Tarayya. Mutum yana iya ɗora buɗaɗɗiyar manhaja a irin waɗannan wurare ya biya da Naira.

Shugaban makaranta ko manajan kamfani da aka kawo masa takardar haya ya sa hannu, kafin ya tambayi kuɗin wata, gara ya fara tambayar yadda zai fita. In ya so tashi, za a ba shi bayanansa cikin sigar da wata manhaja za ta iya karantawa, ko kuwa sai ya sa yara su sake bugawa da hannu? Nawa ne kuɗin kwashe su? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin masu gajimare sun daɗe suna barin shigar da bayanai kyauta, fitarwa kuwa da kuɗi, sai a 2024, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a kai, Google da Amazon da Microsoft suka yafe kuɗin ga wanda zai tashi gaba ɗaya. Masu amfani da VMware sun ga abin da rashin wannan shiri ke jawowa, sa'ad da Broadcom ya sayi kamfanin a watan Nuwamba na 2023, ya soke sayarwa ta dindindin cikin wata guda, ya ce kowa ya koma haya.

Manyan kamfanonin ma sun lura da kukan da ake yi a nan. A watan Janairu na 2025 AWS ya ba da sanarwa cewa zai fara karɓar Naira daga abokan cinikinsa na Nijeriya, aka yi ta murna a Legas, kuma lalle ya rage wahalar neman Dala a banki. Sai dai jadawalin farashin nasa da Dala yake rubuce har yanzu, ana juya shi ne zuwa Naira a kan canjin ranar da aka fitar da takardar biya.